Yadda ake baƙanta wuƙa da gangan don tsatsa ta rage cin ta

Duk mai wuƙar maƙera a gida ya san halinta. Ka yanka albasa ko lemon tsami ka ajiye ta minti goma baka goge ba, ka dawo ka tarar ta yi dabbare-dabbare, in kuma damina ce kwana ɗaya ya isa kaga ja-ja ya fito mata. Amma je ka duba wuƙar mahauci ko ta mai tsire wadda ta daɗe tana aiki, ba ta ƙyalli kuma ba ta tsatsa, ta yi wani launi toka-toka mai duhu wani wajen har da shuɗi-shuɗi, bakin ne kawai yake fari saboda washi. Wannan launin shi ake kira fatina, kuma ba sai ka jira shekara ba, zaka iya sa wa sabuwar wuƙa shi a yini ɗaya da kayan da ke kicin ɗinka.

Abin da ke faruwa a jikin ƙarfen kala biyu ne. Jar tsatsa tana zuwa in ruwa da iska suka zauna kan ƙarfe, tana da burtsi-burtsi, tana ɓarewa, tana riƙe danshi, shi yasa in ta kama sai ta yi ta ci tana shiga ciki har ta bar ramuka. Fatina kuwa wani siririn rufi ne mai duhu da yake manne da ƙarfen gam, a cikinsa akwai baƙar tsatsar nan da ake kira maganatayit, kuma da yake ya riga ya cinye saman ƙarfen sai ita jar ta rasa wajen kamawa da sauri. Wani amfanin kuma da mata za su fi ganewa, sabuwar wuƙar baƙin ƙarfe tana baƙanta albasa tana sa mata ƙarnin ƙarfe, in ta yi fatina wannan yana raguwa sosai.

Da farko ka tabbatar wuƙar taka tana karɓa

Ba kowace wuƙa ake yi wa wannan ba. Sitenles, wato irin masu ƙyallin nan da suka cika kasuwa, tana da sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, shi ne yake kare ta, ko ka kwana kana jiƙa ta a khal ba abin da zaka samu sai ɓata lokaci ko ma ka ɓata mata fuska. Wadda ake so ita ce ta ƙarfen kabon, wato baƙin ƙarfen nan mai yin tsatsa. Wuƙaƙen da maƙeran baƙi suke ƙerawa da sifirin ɗin mota suna ciki, yawanci ƙarfen sifirin irin mai lamba 5160 ne ko ɗan uwansa, kuromiyam ɗinsa bai kai kashi 1 ba don haka yana karɓa da kyau. Cikin na waje akwai Okapi mai ninkewa, wadda aka fara yi a Solingen ta Jamus a 1902 kafin aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988, akwai Douk-Douk ta garin Thiers a Faransa tun 1929, akwai Opinel, ita ka duba jikinta in an rubuta Carbone to ita ce, in Inox aka rubuta sitenles ce ka ƙyale ta. In kaga an buga lamba kamar 1075 ko 1095 shi ma kabon ne.

In ba rubutu a jiki gwajin mai sauƙi ne. Ka wanke ta, ka ɗiga ruwan lemon tsami ɗigo ɗaya kusa da mariƙi ka bar shi minti biyar zuwa goma ka goge. In wajen ya yi duhu tana karɓa. Kar ka dogara da maganaɗisu, sitenles ɗin da ake wuƙa da shi ma yana kama maganaɗisu, mutane da yawa nan suke ruɗewa.

Wanki, nan ne rabin aikin

Gaskiya in ka ga wanda fatinarsa ta fito kamar ƙazanta, da tabo nan fari can, kusan kullum matsalar daga nan take ba daga khal ɗin ba. Duk inda maiƙo ya taɓa asid ba zai ci wajen ba, har shatin yatsanka sai ya fito ɓaro-ɓaro a jikin wuƙar.

In akwai tsatsa a jiki ka fara cire ta tas da samfefa, mai lamba 400 sannan ka bi da 600 ko 800, kana gogawa ta fuska ɗaya kar ka riƙa zagaye-zagaye, don duk wani ƙarce da ka bari fatina ba za ta ɓoye shi ba sai ma ta ƙara fito da shi. In ba samfefa toka mai laushi da jiƙaƙƙen tsumma tana yi, sai dai ka daɗe. Sabuwar wuƙa ta kanti kuma wasu suna zuwa da wani shafi kamar banish da kamfani yake sawa don kar ta yi tsatsa a hanya, shi ma sai an cire.

Bayan nan ka wanke da sabulun wanke-wanke da ruwan zafi sau biyu, ka goge, sannan ka bi ta da auduga da sifirit ɗin kemis ko asiton, wato abin goge jan farce, amma ka duba wanda ba a haɗa shi da mai ba. Daga wannan lokacin hannunka kar ya sake taɓa ƙarfen, mariƙi kawai zaka riƙe ko ka sa safar hannu. Ga yadda zaka gane ta wanku, ka zuba mata ruwa, in ruwan ya shimfiɗu a jikinta baki ɗaya to ta yi, in ya dunƙule ya zama ɗigo-ɗigo akwai sauran mai, koma ka sake.

Mariƙin in na itace ne ko na fata ka naɗe shi da leda ka ɗaure da salatif, asid yana baƙanta itace musamman wajen ƙusoshi. Mai ninkewa kuma kar ka bari ruwan ya shiga gaɓarta, in ya shiga ba ya fita da sauƙi, can ciki zai yi ta cin ta kai baka sani ba.

Hanyar khal, wadda na fi ba sabon shiga shawara

Farin khal na girki ake so, wanda aka rubuta kashi 5 cikin ɗari a jikin kwalbar. Ka samu doguwar kwalba ta gilashi da wuƙar za ta tsaya a ciki ruwan ya rufe ƙarfen har gindin mariƙi. In wuƙar doguwa ce irin ta yanka, guntun bututun roba na famfo da aka toshe ƙasansa ya fi, ba ya cin khal da yawa. Gorar ruwa ta roba tana yi in khal ɗin mai sanyi ne, in mai zafi ne za ta lanƙwashe maka a hannu.

Ka ɗora khal ɗin a wuta cikin tukunyar sitenles, ba ta alminiyam ba don yana cin ta, ka bar shi ya fara tururi kawai ba sai ya tafasa ba, kuma ka buɗe taga ko ka yi a tsakar gida don tururin yana shaƙe mutum yana sa hawaye. Ka ɗan ɗauraye kwalbar da ruwan ɗumi tukuna kar zafi ya fasa ta. Zuba khal, sa wuƙa.

Nan da nan zaka ga ƙananan kumfa suna tashi daga jikin ƙarfen, alamar aiki ya fara kenan. Toh nan ne inda ake son ido, kumfan nan in suka maƙale waje ɗaya suna hana khal taɓa wajen sai ka samu ɗige-ɗige fari, don haka duk bayan minti ɗaya ko biyu ka ɗan girgiza wuƙar a ciki. Bayan minti biyar zuwa goma ka ciro ta, zaka ganta baƙa ƙirin har ka ji daɗi, amma kar ka yi saurin murna, yawancin baƙin nan garin banza ne a sama, da ka sa ta ƙarƙashin ruwa ka murza da tishu ko tsumma mai laushi zai fita ya bar maka toka-toka mai haske. Wannan mai hasken da ya ƙi fita shi ne na gaske. Sai ka mayar da ita ciki wani minti biyar ko goma, ka ciro, ka wanke, ka goge, ka sake. Kamar ƙunshi ne, wanda aka maimaita shi yake kamawa ya yi duhu. Zagaye uku zuwa biyar yawanci ya isa ta yi launin toka mai duhu wanda ya zauna ko'ina daidai.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne masu cewa ka jefa ta a khal ka je ka kwanta sai da safe. Eh za ta yi baƙi, amma asid ɗin ya wuce sama ya fara cin naman ƙarfen, zaka ji jikinta ya yi kaushi, bakin ya zama kamar zarto in ka duba da kyau, tsinin ma ya ragu. In khal ɗin mai sanyi ne ba ka ɗumama ba aikin ya fi tafiya a hankali, minti talatin zuwa awa ɗaya kowane zagaye, wannan ya fi dacewa da wanda bai son tsayawa a kai.

Kuma ka lura da inda ruwan ya tsaya, daidai saman ruwan yana barin layi a jikin wuƙar, shi yasa ake son ya kai har gindin mariƙi ko kuma kowane zagaye ya tsaya waje guda.

In baka da kwalba kwata-kwata, ka jiƙa tishu da khal ka naɗe ƙarfen ka bar shi minti ashirin zuwa talatin. Yana yi, sai dai duk zanen da ke jikin tishun da duk inda ya tattare zai fito a wuƙar, wasu ma don haka suke so.

Kofi da shayi, in baƙi sosai kake so

Wanda yake son ta yi duhu sosai ba tare da an ci ƙarfen ba, kofi ne maganinsa. Irin na gari mai narkewa kamar Nescafé, ko ma mafi arha da ka samu, ka dama shi da ruwan zafi ya yi kauri fiye da yadda mutum zai iya sha, kamar babban cokali huɗu ko biyar a kofin shayi ɗaya, ba suga ba madara. Ka tsoma wuƙar ka bar ta awa shida zuwa kwana ɗaya, kana cirowa duk bayan 'yan awanni kana gogewa kana mayarwa. Shi kofi asid ɗinsa ba shi da ƙarfi don haka ko ya kwana ba ya yin ɓarnar da khal yake yi. Ni a ganina haɗin da ya fi kyau shi ne ka fara da khal zagaye ɗaya ko biyu ya buɗe fuskar ƙarfen, sannan kofi ya ƙarasa.

Baƙin shayi da aka dafa ya yi ƙarfi shi ma yana yi, saboda sinadarin tanin da ke cikinsa in ya haɗu da ƙarfe baƙi yake bayarwa. Wannan ba sabon ilimi bane a wajenmu, fatar da majema suka jeme da bagaruwa cike take da tanin, shi yasa in dukawa suka shafa mata kuloko, wanda da ƙarfe ake haɗa shi, take komawa baƙa nan take. Sai dai baƙin da tanin yake bari a wuƙa bai kai na khal riƙo ba, yana saurin gogewa in ba a maimaita ba.

Masu son zane

Turawa da mastad suke wannan, irin rawayan nan da ake sawa a burodi da nama, saboda akwai khal a cikinsa kuma yana da kauri yana tsayawa inda aka sa shi. A nan sai manyan kantuna kuma da tsada, ba dole bane. Tsamiya da aka jiƙa aka tace ta yi kauri tana da tsamin da ya isa, ko tumatirin gwangwani da aka ɗan dama da khal.

Ka ɗauki auduga ko soso ko ɗan tsinke ka ɗiɗɗiga a jikin wuƙar yadda kake so, layi-layi ko ɗigo-ɗigo, wasu suna dangwala ledar nan mai kumfa-kumfa da ake naɗe kayan lantarki su manna. Ga sirrin da ba kowa ya sani ba, inda ka lafta da kauri ba nan ne zai fi duhu ba, don aikin yana buƙatar iska, wajen da ya yi siriri da gefe-gefen ɗigon su suke fin baƙi, tsakiyar kuma ta fito da haske. Don haka ka shafa kaɗan-kaɗan. Bar shi minti ashirin zuwa arba'in har ya fara bushewa ya canja kala, ka wanke, ka duba, ka sake sa wani a wuraren da ba su samu ba. Zagaye na biyu da na uku su suke ba zanen zurfi. Ka yi fuska ɗaya ka gama sannan ka juya, ko ka rataye ta, in ka kwantar da jiƙaƙƙiyar fuska a kan faranti shatin farantin zaka samu.

Shuɗin nan mai ɗaukar ido kuwa da ake gani a hotuna, nama mai zafi ne yake kawo shi. Ka wanke wuƙar tas ka yanka gasasshen nama yana zafinsa, ka bar ruwan naman a jikinta minti biyu ko uku, ka ɗauraye da ruwan zafi ka goge, ka maimaita. Shi yasa wuƙar masu balangu take yin wannan kalar ba tare da sun nema ba. Amma shuɗin ba ya daɗewa, da ka ci gaba da yanka albasa da tumatir zai rikiɗe ya koma toka.

Kashe tsamin, busarwa, mai

Ko wace hanya ka bi, ƙarshenta ɗaya ne kuma ba a tsallake shi. In ka bar sauran asid a jiki, kafin gari ya waye ta yi ja. Ka dama bekin soda babban cokali ɗaya a kofin ruwa ka wanke wuƙar da shi ko ka tsoma ta minti biyu. Ruwan kanwa ma yana yi, amma ka tace shi don akwai yashi a ciki da zai ƙarce maka aikin, kuma ka ɗauraye sosai bayansa saboda kanwa tana zuwa da gishiri-gishiri. Sannan sabulu, sannan ruwan zafi sosai a ƙarshe don ƙarfen ya ɗau zafi ya busar da kansa, ka goge nan take da busasshen tsumma, har lungun da ƙarfe ya shiga mariƙi.

In kaga wani ɗan ja-ja ko ruwan ɗorawa ya taso lokacin da take bushewa kar hankalinka ya tashi. Ka tsoma ƙarfen cikin tafasasshen ruwa kamar minti goma zuwa sha biyar, siririyar jar tsatsa tana komawa baƙa in aka tafasa ta, haka masu gyaran bindiga suke baƙanta ƙarfe tun da daɗewa. Tafasasshen ruwa digiri 100 ne, bai kai zafin da zai taɓa ban ruwan wuƙar ba, wato taurin da maƙeri ya ba ta lokacin da ya gasa ta ya tsoma a ruwa ko mai.

Sai mai. Wanda ya fi shi ne farin man farafin na kemis irin wanda ake sha, ba ya wari ba ya lalacewa. Man kaɗanya ɗan kaɗan yana yi. Man gyaɗa ko na zaitun ba laifi in kullum ana amfani da wuƙar ana wankewa, amma in ajiye ta zaka yi na watanni yana daskarewa ya yi danƙo ya yi wari. Man inji ko baƙin mai kar ya kusanci wuƙar da ake yanka abinci da ita. Ka shafa siriri ka bar ta ta kwana kafin ka fara aiki da ita, launin yana ƙara zama.

Washi a ƙarshe ake yi ba a farko ba. Asid yana cin bakin wuƙa don nan ne ƙarfen ya fi siriri, duk kaifin da ka yi mata kafin tsomawa zai dakushe. Ka wasa bayan an gama, sai farin layin bakin ya fito a jikin baƙin, kyan ma ya fi fitowa a haka. Mai tsoron bakin nasa zai iya shafa masa jan farce siririn layi kafin ya tsoma, daga baya ya goge da asiton.

Abubuwan da za su ɓata maka wuƙa ko su cuce ka

Ruwan batir, a'a. Ya fi ƙarfin wannan aikin, yana ƙona fata yana makantarwa. Kar ka haɗa khal da Hypo ko wani bilic wai don ya yi sauri, haɗin yana fitar da iskar kulorin mai guba. Kar ka ƙara gishiri a khal, gishiri ramuka yake haƙawa a ƙarfe. Ruwan baƙanta bindiga na kwalba akwai sinadarin seleniyam a ciki, ba na wuƙar abinci bane. Akwai kuma ferik kulorayid da masu haɗa allon lantarki suke amfani da shi, maƙeran wuƙa na waje da shi suke fito da zanen ƙarfen damaskas, mai layi-layin nan kamar igiyar ruwa, ana sirka kashi ɗaya da ruwa kashi uku ko huɗu kuma cikin daƙiƙu zuwa 'yan mintuna yake aiki, amma yana ɓata kaya da hannu kuma don wuƙar kicin ɗaya bai cancanci wahalar nemansa ba.

Babbar ɓarnar ita ce wuta. Wani zai ce ai in ka kara wuƙa a gas tana yin shuɗi cikin minti ɗaya. Gaskiya ne tana yi, amma wannan shuɗin yana fitowa ne wajen digiri 300, alhali yawancin wuƙaƙe bayan ban ruwa a tsakanin digiri 150 zuwa 200 da ɗoriya ake daidaita taurinsu. Ka wuce nan ka kashe ta kenan, za ta yi laushi, kana wasawa tana dakushewa, sai dai a koma wajen maƙeri a sake ba ta ruwa.

Bayan an gama

Fatina rage saurin tsatsa take yi, ba hana ta take yi gaba ɗaya ba. In ka bar wuƙar cikin kwanon wanke-wanke ta kwana za ta yi ja ko da kofi nawa ta sha. Ana gama yanka a ɗauraye a goge a ajiye, kuma kar a dirje ta da soson waya don zai kankare launin. Launin ma ba zai tsaya yadda ka yi shi ba, lemo zai haska wani waje, nama zai ƙara duhun wani, haka za ta yi ta canjawa.

Wuƙar layya ita ta fi shan wahala, a yi yanka da fiɗa a ɗan ɗauraye ta sama-sama a zura a kube sai baɗi, jini kuma da gishiri a cikinsa, fatar kube tana riƙe danshin damina. Irin wannan ka wanke ta da ruwan zafi da sabulu, ka busar, ka shafe ta da farafin, ka naɗe ta a takarda ka ajiye kuben daban.

In kuma ka gama aikin launin bai yi maka ba, ko shatin yatsa ya fito, ko layin saman ruwa ya ɓata ta, rufin siriri ne ƙwarai, samfefa mai lamba 800 ko 1000 ko man goge ƙarfe irin Autosol zai mayar da ita fara cikin 'yan mintuna. In da man gogewa ka yi, ka wanke shi tas da sabulu da sifirit kafin ka sake tsomawa, don shi ma maiƙo yake bari.